Bishiyar da Ergash Ya Hana a Sare

A ƙauyenmu na Sarisu, tafiyar rabin sa'a a mota daga Margilan, ba a barin bishiyar tut, mai ƙananan 'ya'ya farare masu zaƙi, ta yi girman da Allah ya ba ta. Duk wadda ka gani a bakin hanya ko a gefen magudanar ruwa guntuwa ce mai ƙaton kai kamar dunƙulen hannu, domin watan Mayu na kamawa ake sare rassanta kakaf a kai wa tsutsar siliki ta ci ganyen. Guda ɗaya ce tak ta tsira, ita ce ta tsakar gidan Ergash mai gyaran keke. Ta haura rufin gidan, ta leƙa gidajen maƙwabta biyu, kuma tun ranar da kakansa ya dasa ta ƙarfe bai taɓa hawa kanta ba.

Ergash shi ne auta cikin 'ya'ya bakwai, don haka gidan uba nasa ne, tare da jinyar tsofaffin da ke cikinsa. Ya yi aikin soja shekara biyu a wani gari mai sanyi da ba ya son a ambaci sunansa, ya dawo ya kafa rumfar faci a bakin kasuwa, ya auri Hosiyat, suka haifi Shuhrat da Muhayyo, ya binne iyayensa ɗaya bayan ɗaya. In tarihinsa kake nema, to ka gama ji. Ba ya shan taba, ba ya wuce kofi biyu a rumfar shayi, ko a wurin biki can ƙarshen tabarma yake zama. Irin mutumin nan ne da za ku shekara ashirin kuna gaisawa, a tambaye ka ko yana da gashin baki ka tsaya tunani.

Sai dai akwai kwana goma sha biyar a shekara da Ergash ke zama wani mutum dabam. Da zarar tut ta nuna, azahar na yi zai rufe rumfa, ko da kuwa akwai mai keke a tsaye yana jira. Zai shigo gida, ya tuɓe takalmi a gindin bishiyar, ya tofa yawu a tafin hannu, ya hau. Can sama akwai inda manyan rassa uku suka rabu, wurin ya yi sumul saboda gogar wandonsa na shekara da shekaru. Nan yake zama ya jingina baya, ya riƙa tsinkar fararen 'ya'yan da suka yi laushi har rana na ratsa su, yana jefawa a baki ɗaya bayan ɗaya, ba wanki ba gaggawa. Yakan ce tut ɗin da ta taɓa faranti ta riga ta zubar da rabin zaƙinta. Shekarunsa hamsin da uku a lokacin da nake ba da labari, gwiwarsa ta hagu tana ƙara in zai tashi daga sujada, amma a kan bishiyar nan ba ta taɓa damunsa ba.

Abin ya samo asali tun yana ɗan shekara shida. Uwarsa Tursunoy da yayyensa mata sukan riƙe zanin gado ta kusurwa huɗu, shi kuma da yake ya fi kowa rashin nauyi sai a tura shi sama ya girgiza rassan. A gidan da yara bakwai ke cin abinci da cokali huɗu, kuma takalmin da ka sa na yayanka ne, saman bishiyar nan ne kaɗai wurin da ba wanda yake cewa matsa in zauna. Daga ƙasa uwar takan ɗaga murya: "Auta, girgiza na ce ka yi, ban ce ka cinye a sama ba." Shi kuwa sai ya ci biyar kafin ya taka reshe sau ɗaya. Masu riƙe zanin duk sun tafi, wasu aure wasu kabari, shi bai sauko ba.

Mu mutanen Sarisu ba mu iya ganin mutum yana jin daɗin abin da ba a sayarwa mu ƙyale shi ba. Maƙwabcinsa Mamasoli mahauci yakan leƙo ta kan katanga, hannu duk maiƙo, ya kira shi da aka, wato yaya a bakinmu.

"Ergash-aka, ka sauko haka nan. An ce biri ya tsere daga gidan namun daji na Tashkent, kada su zo su kama ka a banza."

"Ka tsinci wanda ya faɗo a gidanka ka toshe bakin nan naka da shi," in ji Ergash daga cikin ganye. "Na yafe maka har na baɗi."

Hosiyat ma ta yi masa gori a shekarun farko, daga baya ta gaji ta bari. Mace ce mai zafin nama da ba ta san zama ba, kuma ta san mijin nata ba shi da wani abu a duniya da za a ce nasa ne don kansa, sai wannan hawan. Don haka shekara ashirin da shida tana kiwon tsutsa, ba ta taɓa neman ko ganye ɗaya daga bishiyar tsakar gida ba.

Kowace bazara ofishin gona ke raba tsutsar, akwati ɗaya kowane gida, tare da layin itatuwa a bakin magudana da ganyensu zai ishi akwati ɗaya. Ranar da aka kawo su, duk akwatin ba su fi cikin tafin hannu ba, baƙaƙe ƙanana kamar tsinken shayi. Kafin wata guda sun cika ɗaki. Mutanen gida su kwashe shimfiɗa su koma tsakar gida, a daina soya albasa, a daina turare, baƙo ya tsaya a zaure. Sau huɗu tsutsa ke barci. In ta farka daga na huɗu, kwana takwas take yi tana ci ba ɗaga kai, ƙarar taunarta kamar yayyafi a kan kwano, kuma abin da za ta ci a kwanakin nan ya ninka duk abin da ta ci a baya sau biyar. In ganye ya yanke mata a lokacin, ba za ta yi saƙar siliki ba, wahalar wata guda ta tashi a banza.

A shekarar da Ergash ke da hamsin da uku ne Hosiyat ta dawo daga ofishin gona da akwati biyu. An sa bikin Muhayyo bayan tsinkar auduga, Shuhrat kuma da ya tafi aikin gini a Rasha ya rubuto cewa aiki ya tsaya. Ergash ya dubi akwatunan a kan dakali, ya dubi matarsa.

"Biyu, Maman Shuhrat?"

"Biyu. Ba zan kai 'yata gidan mutane da katifa huɗu a yi da ni a rumfar shayi ba."

"Layin itatuwa fa, biyu suka ba ki?"

"Ɗaya suka ba ni. Allah zai kawo sauran."

Ba ta ɗaga kai sama ba, shi ma bai ɗaga ba. Amma tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi, don ya san daga inda ake so Allah ya kawo sauran.

Ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan kowa shaida ne. Sallar asuba na idarwa yake hawa keke ya bi gidajen tsofaffin da ba su karɓi tsutsa ba, yana roƙon ganye, mutumin da bai taɓa roƙon ko allura ba. Ya yi wa mutane facin taya kyauta a kan dami ɗaya. Har barci na uku ganye bai yanke ba. Da tsutsa ta farka daga na huɗu kuwa, kowa a Sarisu ta kansa yake yi, wa ya hana ƙane, aboki ya ga aboki ya sauya hanya. A rana ta uku layin Hosiyat ya zama guntaye, ba ko tsinke a kai.

Da hantsi ta same shi a gindin bishiyar yana leƙen sama. 'Ya'yan sun cika, sun fara fari, amma da sauransu.

"Baban Shuhrat, abin da ke ɗaki ba zai kai la'asar ba."

"Ki ba ni kwana huɗu. Kwana huɗu kacal su nuna, in hau sau ɗaya, daga nan ku yi yadda kuka ga dama."

"Ni zan ba ka. Su ne ba su san kwana huɗu ba. Je ka gaya musu."

"Zan samo ganye."

"A ina? Har wurin surukanmu na aika, sun ce su ma saye suke nema."

"Na ce zan samo."

Akwai wani layin tut a can ƙarshen babbar gonar auduga, cike da ganye, kore shar, ba wanda ya taɓa shi. Kowace bishiya an ɗaura mata jan ƙyalle a gindi, kuma ko ɗan yaye a Sarisu ya san ma'anarsa: an yi wa gonar feshin maganin ƙwari, iska ta kai kan ganyen, kada a ba tsutsa. Ergash ya tsaya a wurin riƙe da kekensa ya daɗe. Ya ce a ransa ai feshin ya kwana uku. Ya ce ai ɓangaren da ke bayan gonar bai samu ba. Ya ce in aka wanke ai shi ke nan. Duk ya san ƙarya yake yi wa kansa, don a gidan masu tsutsa aka haife shi, amma ya zaro lauje. Ya sari dami biyu daga bayan, ya tsoma su a magudana reshe reshe, ya shanya a inuwa har suka tsane, ya ɗaure a bayan keke.

"Daga ina?" in ji Hosiyat, fuskarta ta saki a karon farko cikin mako.

"Wani da na taɓa gyara wa keke ne a ƙauyen gaba."

Ita da Muhayyo suka shimfiɗa ganyen a kan gadajen tsutsa masu hawa hawa na ɗakin ciki. Tsutsotsin ɗakin waje kuwa suka ƙarasa musu ragowar ganyen jiya.

Bayan la'asar Muhayyo ta fito daga ɗakin ciki ta tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, zo ki ga. Sun daina ci."

Ɗakin ya yi tsit. Tsutsotsin sun ɗaga kai suna jujjuya shi hagu da dama, suna amayar da koren ruwa, wasu sun nannaɗe suna faɗowa daga kan gado. Kafin rana ta faɗi babu mai motsi a hawa ukun da suka fi samun ganyen. Da tsintsiya aka share su. Bokiti biyar Ergash ya ɗauka ya kai bayan gida ya haƙa rami ya binne, don kada kaji su ci su bi su.

Da ya dawo, Hosiyat na zaune a kan dakali, hannuwanta a kan gwiwa. Da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi.

"Baban Shuhrat, wane launi ne ƙyallen?"

Ya kife bokitin a gefen dakali, ta ci gaba.

"Wata guda ban yi barcin kirki ba. Yarinyar nan dubi hannunta, amarya ce amma kamar na mai fasa dutse. Duk a kan me? A kan ka hau sama ka tsotsi zaƙi kamar ɗan goye."

"Inna, ki bari," in ji Muhayyo. Ta juyo wajen uban tana murmushin dole. "Baba, ba komai wallahi. Ko katifa biyu ma ta ishe ni, ai ba a kansu duka zan kwana ba."

Wannan maganar ce ta gama da shi. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, kuma ya gane cewa daga yau ba shi da bakin cewa a'a a gidan nan. Da bai je layin jan ƙyalle ba, wataƙila da sun tsaya a reshe biyu ko uku na gefe. Yanzu kuwa da hannunsa ya sayar da bishiyar duka.

Washegari da sassafe ya aro zarto wurin Mamasoli. Mahaucin ya biyo shi har tsakar gida, yau babu tsokana a bakinsa.

"Ergash-aka, kawo, ni in hau. Ni yanka sana'ata ce, ba zan ji komai ba."

"Ba ka san inda ake taka ƙafa ba."

Ya tuɓe takalmi ya hau. Ya fara da reshen da ke leƙa gidan Mamasoli, wanda ya fi kaurin cinyar mutum. Da reshen ya faɗo, ƙasa ta girgiza, farin ruwa na tsatsafowa daga inda zarto ya bi. Ba a ba tsutsa reshe da 'ya'ya a jiki, don suna ruɓa mata shimfiɗa, saboda haka Hosiyat da Muhayyo da matar Mamasoli suka zauna suna zage 'ya'yan da yatsu suna tarawa a daro. Ba su nuna ba balle a ci, ba su yi zaƙin da za a shanya ba. Tumaki aka zuba wa.

Kwana biyar yana sara, safe da yamma, gwargwadon cin tsutsa. A rana ta huɗu, ragowar 'ya'yan da ke kan reshen ƙarshe suka nuna daidai yadda ya ce. Suna nan kusa da fuskarsa, ƙudan zuma na yawo a kansu. Muhayyo ta ce daga ƙasa, "Baba, ka ci mana kafin ka yanke." Ya ce bakinsa ɗaci yake yi, ya ci gaba da jan zarto.

Tsutsar da ta rage ta ƙoshi, ta hau busasshiyar ciyawar da aka kafa mata, ta yi saƙa. Ƙwanson silikin ya fito fari tas, mai nauyi, har mai awon ofishin gona ya yaba. Aka yi bikin Muhayyo da kaka, aka jera katifu tara a kan akwatinta, mata suka shiga suka ƙirga da ido suka fito suna cewa Hosiyat mace ce. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen jan ƙyalle, don mutanenmu in abu ya ƙare lafiya suna da saurin yafiya. Ba kuma wanda ya ga an yi asarar wani abu. Tsakar gidan ma, in ji mata, ya fi haske.

Ergash ya zaci bishiyar za ta mutu, tsohuwa irinta da aka yi wa wannan aika-aika a tsakiyar zafi. Gaskiyar magana, fatan da yake yi ke nan. Da ta mutu, da ya yi baƙin cikinsa ya gama, ya sare kututturen ya yi itace. Amma tut ba ta da zuciya. Kafin tsakiyar rani kan kututturen ya fitar da tsirrai sun fi ɗari, dogaye miƙaƙƙu, ganyensu faɗin tafin hannu.

"Ka gani ko?" in ji Mamasoli ta kan katanga. "Ga ta nan ta fi da ƙuruciya. Duk kukan da ka yi a ciki na banza ne."

Hosiyat ma ta gani, da idon mai kiwon tsutsa. Irin ganyen nan ko a bakin magudana babu shi, ga shi kuma a ƙofar ɗaki, ba sai an ɗauko a ka ba. Da bazara ta zagayo ta dawo daga ofishin gona da akwati biyu. Ba ta tambaye shi ba, shi ma bai hana ta ba. Shuhrat ya dawo daga Rasha hannu wofi, shi ma aure yake so, bayan auren kuma ga rufin ɗaki yana yoyo. Ba a taɓa rasa dalili. Bishiyar da aka sara sau ɗaya ta zama ta ganye, haka abin yake a wurinmu tun kaka da kakanni.

Wani lokacin sanyi ya sayo buhun gishiri ya ajiye a rumfarsa, da niyyar ya haƙa gindinta ya zuba ta mutu kowa ya huta. Buhun ya shekara a bayan tsofaffin tayoyi. Bai iya kashe ta ba, bai kuma iya hana a sare ta ba. Daga baya Hosiyat ta aika aka ɗauko gishirin ta jiƙa kabeji da shi.

Yanzu Ergash ya ba sittin baya. Yana nan a bakin kasuwa yana faci, sai dai kekuna sun ragu, yara sun koma babur. Ba ya rufe rumfa da azahar a kowane wata. In lokacin tut ya yi, mata masu talla suka jera bokitai a gabansa, yakan juya kujerarsa ya fuskanci bango, su kuma su ɗauka rana yake gudu.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne bishiyar ba ta daina ƙoƙari ba. Tsirran da suka kwana shekara sukan yi 'ya'ya, ƙanana kore masu tauri, jere a gindin kowane ganye. Yakan tsaya da safe da buta a hannu ya dube su ya lissafa kwanakin da suka rage. Bana ma haka ya yi. Yana cikin dubawa Hosiyat ta ɗaga labulen ɗakin ciki, gashinta ya yi fari, idanunta sun faɗa.

"Sun farka, Baban Shuhrat."

"Na ji su."

"Saura kwana nawa naka?" ta tambaya a hankali, don ita ma ba dutse ba ce.

"Shida."

Ta dubi sama, ta dubi ɗakin da ƙarar tauna ke fitowa.

"Ka fara da na bayan, ko na gaban za su samu kwana biyu."

"Kwana biyu ba ya nunar da tut," in ji shi. Ya ajiye buta, ya ɗauko tsani, don yanzu kututturen ba shi da inda ake taka ƙafa.